Zuwa ga Babban Sakataren Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa: mamatanmu nawa ne?

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Mutum nawa suka mutu a Tudun Biri ta jihar Kaduna daren 3 ga Disamba, 2023, da jirgin sojoji marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi? Hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, ta ce 85. Ƙungiyar kare haƙƙi ta Amnesty ta ce sun haura 120. A Rann ta jihar Borno, inda jirgin yaƙi ya jefa bam kan sansanin ’yan gudun hijira ranar 17 ga Janairu, 2017, sojoji sun ce 112, shugaban ƙaramar hukumar Kala-Balge ya ce 236. Kowace gawa da ke tsakanin alƙaluman nan biyu ɗan wani ce, kuma har yau babu takardar hukuma da uwa za ta duba ta ga sunan ɗanta a ciki.

Abin takaicin, waɗanda suka san amsar suna nan da ransu. Limamin da ya sallaci gawawwakin ya sani. Mai unguwa ya san gida nawa aka yi zaman makoki. Samarin da suka haƙa kabari da ’yan agajin da suka yi ɗauka ba su manta ba. Can kuma a jami'a akwai masanan da suka iya tantance shaida, su gane inda aka ƙirga mutum ɗaya sau biyu. Sai dai masu Nigeria Watch a Jami'ar Ibadan, da ke tattara alƙaluman kashe-kashe tun 2006, galibi da jaridu suka dogara, kuma ka san ƙauyukan Zamfara nawa ne ɗan jarida bai taɓa takawa ba. Ilimi na ofis, sani na ƙauye, babu mai haɗa su. Wa ya fi hukumarka cancantar yin wannan haɗin?

Kada a ce ba zai yiwu ba. A Kosovo, ’yan kare haƙƙi sun bi gida-gida sun rubuta sunayen mutum sama da 13,000 da suka mutu ko suka ɓata daga 1998 zuwa 2000, masana lissafi daga waje suka bi aikin suka tabbatar da ingancinsa. Mu kuwa mun iya haɗa kowane layin waya da lambar NIN, mun iya ƙirga ƙuri'a akwati-akwati. Da an zo kan mamaci sai biro ya ƙafe.

Ina maganar rajistar ɓatattu da aka fara gwaji a Borno ta kwana?

Don Allah, ranka ya daɗe, ka kira Jami'ar Maiduguri da ta Usmanu Ɗanfodiyo, ka zaunar da su da masarautu da Red Cross. A fara rubuta mamata da ƙaramar hukuma ɗaya tak: suna, shekaru, ƙauye, rana, da yadda aka yi, ko harsashin wa ne. A sakaya sunan mai ba da shaida. A yi shi yanzu, tun dattawan da suka yi jana'izar suna iya tuna wa ke kwance a wane kabari.

Naka,
Wani malamin makaranta daga Kaduna