A Ceto Tsofaffin Na'urorin Gwaji Kafin Batir Ya Cinye Su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin shugabannin makarantun fasaha da masu gyaran kayan lantarki na Jihar Bauchi game da wata asara da ke aukuwa ba tare da an lura ba.

A ɗakunan gwaji da shagunan gyara akwai mitoci da osiloskof (na'urar da ke nuna siffar siginar lantarki) da injinan samar da sigina na kamfanoni irin su Hewlett-Packard da Tektronix da Fluke, waɗanda aka ƙera a shekarun 1980 da 1990. Da yawa daga cikinsu suna da ɗan batir mai caji na nikel da kadmiyam a liƙe a kan allon cikinsu da ke ɗauke da sassan lantarki, wanda aikinsa shi ne riƙe bayanan da na'urar ta adana idan an kashe ta. Kowane ƙwaya yana ba da bolt 1.2, kuma galibi akan haɗa uku su ba da 3.6. Idan batirin ya tsufa, balle ga zafin watan Maris da Afrilu, sai ya fara yoyo. Ruwan da yake fitarwa mai kaifi ne irin na toka, yana bin siraran layukan tagulla yana cinye su, har ya shige ƙarƙashin wasu sassan. Wanda ya buɗe zai tarar da farin gari da tsatsa mai launin shuɗi-kore a gindin batirin, kuma a lokacin ɓarna ta riga ta yi nisa.

Maganin ba shi da tsada, amma yana son natsuwa. A cire tsohon batirin, a goge wurin da ɗan ruwan khal domin ya kashe kaifin, a bi da sifirit, a bar allon ya bushe sarai. Sai a saka batirin nikel na zamani mai caji, wanda ƙarfinsa ya yi daidai da na da. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu ɗauko batirin litiyam marar caji, irin CR2032, su liƙa shi kai tsaye. Na'urar za ta ci gaba da tura masa caji, yana iya kumbura ko ya fashe, sai dai in an sa masa dayod da zai tare wutar.

Akwai kuma na'urorin da ke ajiye lambobin daidaita awonsu a ƙwaƙwalwar da batir ke riƙewa, kamar mitar HP 3478A, wadda nata batirin litiyam ne. Da zarar wuta ta yanke wa ƙwaƙwalwar, lambobin sun tafi, mitar kuwa ba za a ƙara amincewa da awonta ba sai an sake daidaita ta da kayan da ba kowa ke da su ba. Don haka dole a jona batirin wucin gadi kafin a taɓa tsohon.

Ina kira ga shugabannin sassan injiniya da su sa ma'aikatansu su buɗe duk na'urar da ta haura shekara ashirin su duba, su rubuta ranar canji a jikinta. Tsofaffin baturan kuma kada a jefa su a bola ko a ƙona, domin kadmiyam guba ne da ke lalata ƙoda.

Na gode.

Naka,
Wani mai gyaran kayan lantarki,
Unguwar Wunti, Bauchi.