Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ya Kama Aiki A Gonar Kwakwar Manja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya baƙunta, ya ruwan Edo? Mu nan kowa lafiya lau. Mahaifiyarka ta shaida mini an ɗora ka a kan leburori, masu yankan kwakwa da masu feshi. Allah ya taya ka riƙo. Tun daren da na ji nake juya maganar, na ga gara in sa ta a takarda, don ta waya iska ce ke tafiya da ita.

Ka san shekarun da na yi ina saro manja daga Kurmi zuwa Kano. Da na buɗe duro na lasa, nakan gane ko an matse kwakwar a kan lokaci ko ta kwana ta wuni a ƙasa, domin maƙaƙinta ba ya ɓuya. Nonon kwakwa da zarar an yanko shi mansa ya fara lalacewa, shi ya sa manyan gonaki ke son ya isa injin matsa cikin awa 24. To wa ke riƙe da wannan? Mutumin nan mai lauje a kan doguwar gora, wanda ke wuni kansa a ɗage, nono mai kilo 20 na faɗowa kusa da ƙafarsa da ƙayoyinsa. Shi ke duba ƙwayoyin da suka zubo a gindin bishiya ya san ta nuna. In ransa a ɓace yake, ɗanye zai yanko don ya cika lissafi, ya tsallake ƙwayoyin ƙasa, alhali su suka fi mai. Ba ka da idon bin kowace bishiya. Abin da ke zuciyarsa shi ke shiga duro.

Don haka ka fara da sikeli. Yawancinsu aikin jinga suke, ladansu na rataye da awon da kai za ka sa wa hannu. Na taɓa ganin wani mai awo yana rage wa masu ɗauko kaya kilo ɗaya-ɗaya; ba su ce masa uffan ba, amma daga ranar mai kyan kayansu wani wuri suke kai shi. Ka tuna Suratul Muɗaffifin, ka tuna umarnin Manzon Allah (SAW) a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. In albashi ya makara daga sama, kai ka je ka tsaya gabansu ka faɗa musu gaskiya. Kada su ji a bakin direba.

Kada ka ɗauka wannan tausayi ne kawai. Indunusiya da Malesiya su ke samar da kusan kashi 85 cikin ɗari na manjan duniya, bishiyar da asalinta ta yankinmu ce. Amma lokacin korona, da aka rufe iyakoki baƙin leburori suka kasa shiga Malesiya, kwakwa ta riƙa ruɓewa a kan bishiya. A 2020 kuma Amurka ta hana shigar manjan wasu manyan kamfanonin Malesiya biyu bisa zargin aikin tilas. Ga injuna, ga kuɗi, amma lebura ne ya tsayar da su.

Sai maganar kare muhalli da za ka yi ta ji a taro. Tun 2004 akwai ƙungiyar RSPO mai ba da shaidar an noma manja ba tare da ɓarna ba, kuma masu bincikenta za su iya zuwa su duba takardunku. Ni ba takardun ne damuwata ba. Mai feshin da zai wanke tankinsa a rafin da ƙauye ke sha, ba allon gargaɗi ne zai hana shi ba. Ka zaunar da shi, ka nuna masa yaran da ke ɗiba a ƙasan rafin. Kafin nan ka tabbata ya samu safar hannu da takunkumi da takalmin roba, musamman mata. Wanda ba a kula da huhunsa ba, da wane baki za ka ce ya kula da rafi? Haka batun wuta: gobarar sharar daji ta 2015 a Indunusiya hayaƙinta sai da ya rufe makarantu har a Malesiya da Singafo. Kada ka yarda a cinna, ko da ya fi sauri.

Abu ɗaya ya fi tsaya mini a rai. Dashen da kuka sa bana sai ya yi kamar shekara uku kafin ya fara 'ya'ya, ya kuma kai shekara 25 ana cin moriyarsa. Mutumin da bai san ko zai kai wata mai zuwa a bakin aiki ba, me zai haɗa shi da shekara 25? In ka samu kunnen manya, a nan za ka yi amfani da damar: a tabbatar da masu ƙwazo a aiki, a gyara musu ɗakuna da asibitin gona.

Kai baƙo ne a ƙasarsu, wasu ma sun haife ka. Ka koyi gaisuwa da harshensu, ka san sunan kowa, ka riga su isa gona.

Mahaifiyarka ta ce ka riƙa kwana cikin gidan sauro, kuma in za ka zo hutun Sallah ka taho mata da jarka ɗaya ta sabon matsa. Ƙannenka na gaishe ka.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.