Wasiƙa zuwa ga autata a Riyad

Jidda, daren Talata

Autata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, ke da maigidanki da ɗan jikana. Na rubuto ne domin a waya ba kya barina in kai aya, da na fara sai ki ce "Mama, na ji" ki kashe.

Labari ya iso mini, kuma ba zan faɗi bakin da ya kawo shi ba, kada ki je ki tsare 'yar mutane. An ce kin ajiye maganin hawan jini tun makon jiya, kin shiga azumin Esta na kwana uku ba ci ba sha, kin kuma gaya wa likitarki ba za ki sa hannu a takardar tiyatar haihuwa ba. Wai mutumin nan da kuke addu'ar dare da shi a WhatsApp ya yi miki annabci za ki haihu kamar matan Ibraniyawa. Idan sharri aka yi miki, ki yafe mini. Idan kuwa haka ne, nemi wuri ki zauna.

Abin da ke jikinki ba hawan jinin tsofaffi ba ne, hawan jinin masu ciki ne. Daga mabiyiya yake tasowa. Tun watannin farko jijiyoyinta ba su kama bangon mahaifa yadda ya kamata ba, jini ba ya isarta, sai ta riƙa sakin wasu sinadarai da ke ɓata jijiyoyin jini na duk jikinki. Shi ya sa aka ga furotin a fitsarinki, ƙoda ce ta fara yoyo. Bayan ƙoda akwai hanta, akwai ƙwaƙwalwa. Labetalol ɗin da aka ba ki ba zai warkar da ciwon ba, ba kuma wanda ya ce miki zai warkar. Aikinsa ya riƙe jinin kada jijiya ta fashe a kanki kafin yaron ya yi ƙwari. Ciwon ba ya fara sauka sai mabiyiya ta fita. Kina mako na 31, likitoci kuma suna son su kai ki 37 idan jiki ya yarda. Idan ya tsananta za su ciro shi a 34, ko ma kafin nan. Kowane mako da kika ƙara riba ce ga huhun yaron, kuma da wannan ƙwayar da kika jefa cikin durowa ake sayen makon.

Kada ki ce mini kina jin garau. Yayarki ma garau ta ce tana ji, har ta yi wanki da safen. Kin san sauran, kin kuma san abin da ya sa babanku bai sake taka hanyar Wusasa ba. Ciwon nan yana bin 'yan ciki ɗaya, kuma jijjiga ba ta sallama. Wannan ne ke hana ni barci, autata. Tiyata ba ta ba ni tsoro, bakwaini ba ya ba ni tsoro, yara nawa suka yi makonni a kwalba yau suna guje-guje. Tsorona ki faɗi a ɗaki da rana tsaka, mijinki yana wurin aiki, ƙofa a kulle, yaro ɗan shekara uku yana tsaye a kanki yana kiran Mama.

Yau ɗin nan ki karya azumin, ki sha ruwa, ki je asibiti a auna ki. Ki faɗa musu gaskiya kwana nawa kika yi ba magani, su za su ce yadda za ki koma kansa. Kada ki haɗa na jiya da na yau ki sha wai kina ramuwa. Ƙaramin asfirin ɗin ma ki ci gaba da shi da dare har ranar da likita ta ce a tsaya.

Na'urar awon da na aiko miki ba ta ado ba ce. Safe da yamma ki zauna kan kujera minti biyar, baya a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu kan tebur daidai ƙirji. Ki auna sau biyu, minti ɗaya tsakani, ki rubuta. Idan hannunki ya kumbura har abin ɗaurawar ya yi miki kaɗan, lambar za ta yi ƙarya, a sayi babba. Kin ga 140 bisa 90 ko sama da haka, ki kira asibiti a ranar. Kin ga 160 a sama ko 110 a ƙasa, ko ɗaya daga ciki ne, ba kira ba jira, sai sashen gaggawa, ƙofar nan da aka rubuta Ɗawari'. Haka nan ko lamba ta yi kyau, idan kai ya sara Panadol bai sauke shi ba, ko ido ya yi hazo kina ganin walƙiya, ko ciwo ya tokare ki ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko bakin ciki. Wannan na ƙarshen shi ke yaudarar mata, sai su ce olsa ce su sha madara, alhali hanta ce ke kumbura. Fuska da hannu su kumbura dare ɗaya har zobe ya ƙi fita, numfashi ya yi wuya, fitsari ya ragu, yaro ya rage motsi, jini ya zubo ciki ya yi tauri, duk hanyarsu ɗaya ce. Lambar motar asibiti 997. Jaka ta zauna bakin ƙofa da igamarki ta izinin zama da katin inshora da takardun awo.

Wannan sakin layin ki miƙa wa surukina ya karanta. Idan jijjiga ta kama ta, ka kwantar da ita ta gefen hagu, ka kawar da abin da zai ji mata rauni, ka kira 997. Kada ka danne ta, kada ka cusa mata cokali a baki, kada a ɗura mata ruwa ko man shafewa, huhu zai tafi. Ka yi addu'arka da ƙarfi waya tana kunnenka. Ka kuma je ofishinku tun yanzu ka tambayi yadda inshora za ta ɗauki jaririn idan ya kwanta a ɗakin bakwaini, kada a tsaya neman takarda ranar da ake neman rai.

Yanzu matan Ibraniyawa. Buɗe Fitowa sura 1 ki karanta da idonki. Wa ya faɗi maganar cewa matan Ibraniyawa kan haihu kafin ungozoma ta iso? Ungozomomi biyu ne suka faɗa wa Fir'auna don su kare kansu, saboda sun ƙi kashe jarirai maza. Ba alkawari ba ne Allah ya yi wa kowace mace, amsa ce aka ba azzalumin sarki. Waɗanda Allah ya sa wa albarka a surar kuwa ungozomomin ne, sai ki gaya wa mai annabcinku. Rahila fa, ba uwar Ibraniyawa ba ce? Wurin haihuwar Biliyaminu ta mutu a kan hanyar Efrata, Farawa 35, kuma ba inda aka ce bangaskiyarta ce ta gaza. Hezekiya ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka Ishaya ya ce a kawo ɓaure a shafa a marurun. Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali mala'iku za su tare shi, kin san amsar da ya samu: kada ka gwada Ubangiji Allahnka. Mutumin nan yana wata ƙasa, bai taɓa ganin awon jininki ba, kuma ba shi zai goyi ɗanki ba.

Na san abin da kike faɗa a kaina, wai aikin asibiti ya cinye bangaskiyata, wai zaman ƙasar da babu coci ya sanyaya ni. Kunya ba ta kama ki ba? A ɗaki ɗaya, murya ƙasa-ƙasa, nake sujada kowace Juma'a, kuma da wannan aikin da kike rainawa aka biya makarantarku har ke auta. Ban bar ku don daɗin Jidda ba. Ke da ko goyo ba ki gama iyawa ba za ki koya mini dogara ga Allah?

To, ya isa. Na san tsoro ne, ba taurin kai kaɗai ba. Kin sha wuya a haihuwarki ta farko, kuma kin ji matan zumunta suna tashi ba da shaida cewa su ba a taɓa yanka su ba, sai ka ce wadda aka yi wa aiki ba haihuwa ta yi ba. Ki bar su. Ke akwai tabon tiyatar farko a mahaifarki. Ko naƙuda ce ta zo da kanta, wajen mace ɗaya cikin 200 tabon kan buɗe, idan kuma da magani aka tayar da ita haɗarin ya fi haka. Ga jininki ba zai jira naƙuda ta ga dama ba. Dalilin likitarki ke nan, ba son kuɗi ba.

Idan an kwantar da ke, kada abin da za a yi ya firgita ki. Za a ba ki magnesium ta jijiya, giram 4 da farko, sannan giram 1 kowace awa har awa 24 bayan haihuwa. Shi ke tare jijjiga. Za ki ji zafi ya rufe ki, jiki ya yi nauyi, za a sa miki robar fitsari, a riƙa ƙwanƙwasa gwiwarki ana ƙirga numfashi, duk ƙa'ida ce. Idan kafin mako 34 ne za a yi miki allurar da ke nunar da huhun yaro. A lokacin ki rera waƙoƙinki, ki riƙe Zabura 121, babu ma'aikaciyar da za ta hana ki addu'a a zuci. Azumin kuwa ni na ɗauke miki, ni da gwaggonki mun riga mun fara.

Bayan haihuwa ma kada ki saki jiki. Jinin yakan sake hawa tsakanin kwana na uku da na shida, daidai lokacin da aka sallame ki kowa yana murna, kuma ana sa ido har mako shida. Surukarki za ta aiko da kanwa, na sani. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ɓoye. Kunun kanwa da wankan jego na tafasasshen ruwa ba naki ba ne bana, gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zuciya ta kasa ɗauka. Idan ta yi ƙorafi ki ce ni na hana, mu tsofaffi za mu daidaita.

Na nemi hutu, da an sa hannu zan hau jirgi. Kafin nan, daren yau ki ɗauki hoton na'urar da lambar a jiki ki turo mini, tare da hoton kwalin maganin a buɗe. Ko ƙarfe nawa ne ina farke. Ki shafa mini kan mijina ƙarami, ki ce kaka tana tafe da dabino.

Ubangiji ya tsare shigarki da fitarki.

Mahaifiyarki