Allon da ke sauya lamba: ra'ayin tsohon direba daga Garwa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na ji shirinku inda aka yi bayanin allunan gudu na ƙasashen Turai, waɗanda lambarsu ke hawa da sauka gwargwadon halin da hanya take ciki. Mun saurare shi tare a tasha, sai wani abokina ya yi dariya ya ce, "Mu da ramuka suka gagare mu, ina mu ina allo mai wuta?" Dariyar tasa ce ta sa na ɗauko alƙalami. Na yi shekaru ina jan babbar mota tsakanin Ngaundare da Kuseri, kuma ina ganin akwai abin ɗauka a cikin maganar.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri ba ne. Na'urori a cikin kwalta suna ƙirga motoci da saurinsu. Da sun ga gaba ta fara cushewa, ko ruwa ya sauko, sai allunan da ke baya su rage lamba tun da nisa, kowa ya iso da sauri ɗaya. Wanda ya taɓa bin ayari ya san inda hatsarin yake: na gaba ya taka burki kaɗan, na biyu ya taka da ƙarfi, na biyar ya afka wa na huɗu. Ingila ta fara wannan a hanyar M25 da ta kewaye Landan a 1995, ta haɗa da kyamarori masu ɗaukar lambar mai laifi. Lissafin kuma kowane direba ya san shi a ƙafarsa: in ka ninka gudu, nisan da burki ke buƙata ya ninku sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin ɗari a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin hatsari mai kisa da kashi 4.

Batun rage cunkoso bai dame ni sosai ba. Daga Garwa zuwa Marwa kana iya yin tafiya mai nisa ba ka ga wata mota a madubi ba. Layin manyan motoci da ke gadar Ngeli, tsakanin Kuseri da Njamena, na takardun kan iyaka ne, allo ba zai warware shi ba. Mu ribarmu tana wajen rai.

Hanyarmu ta ƙasa mai lamba 1 fuska bakwai gare ta. Gangaren dutsen Mbe, tsakanin Ngaundare da Garwa, da rana tsaka lokacin rani daban, da asuba cikin damina kwalta na santsi daban. Pitowa, kusa da Garwa, ranar Talata gari ne da za ka ratsa lafiya, amma ranar Lahadi, ranar kasuwa, babura da amalanke da awaki da yara masu talla duk suna kan kwalta. Watan Janairu hazo kan sauko har ka kasa ganin wutar motar da ke gabanka. Ga garken shanu da yamma, ga motocin auduga lokacin kaka. Duk da haka allo ɗaya ne a tsaye da lamba ɗaya, rani da damina. Direba ya wuce shi sau ɗari hanya fayau, sai ya daina ganinsa, ya zama kamar kututture. Ran da allon ke faɗin gaskiya, ba mai kallonsa. Ni kaina na taɓa shiga hazo da gudun da na saba, Allah ne ya sa yaron motata ya hango wata tirela da ta lalace, an jera mata ganye a baya kamar yadda aka saba. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake.

Abin da abokina bai lura ba shi ne, ba dole sai da wuta da kwamfuta ba. A Faransa, doka ce a rubuce: babbar hanya kilomita 130 a awa, in ana ruwa ta koma 110, in hazo ya hana ganin abin da ya wuce mita 50, kowa ya sauko 50. Babu allon da ke sauyawa, direba ne ya san dokar tun daga makarantar tuƙi. Me zai hana a yi mana irin wannan don hazo da damina, a yi ta sanarwa a rediyo da Hausa da Fulatanci da Faransanci? A garuruwan kasuwa kuma, allon ƙarfe mai fuska biyu ya isa, a buɗe shi da safe ranar kasuwa, a rufe bayan magariba. Mai wuta a ajiye shi don wurare kaɗan irin gangaren Mbe, ya riƙa aiki da hasken rana, wanda Allah ya hore mana har ya yi yawa. Dala ɗari, wato sefa 500, da muke biya a kowane shingen kuɗin hanya ai ba ta rasa abin da za ta saya ba.

Tsorona guda ne, kuma ba zan ɓoye ba. In an buɗe allon 40 ranar Lahadi aka manta da shi har Alhamis, mun koma gidan jiya, har ma ya fi muni, domin zai zama tarkon karɓar na goro a hannun wanda bai yi laifi ba. Dole a san sunan mai buɗewa da mai rufewa, da lokacin da zai yi.

Ina roƙo, Edita, in za ku sake shirin, ku gayyato shugabannin direbobi da 'yan babur da sarakunan kasuwa na garuruwan da ke bakin hanya, ku tambaye su ranakun da sa'o'in da suka fi ɗaukar gawa. Suna da jerin a kansu.

Naka,
Wani tsohon direba, Garwa, Kamaru