Bakteriya ba ta cin dalma, ɗaure ta take yi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan maganar da ta fara yawo a bakin 'yan bokonmu, wai akwai ƙwayoyin bakteriya masu wanke ƙasar da gubar ƙarfe ta ɓata. Ɗan ƙanena da ke karatun kimiyya a jami'a ne ya zo mini da ita a hutun sallah, yana ta zumuɗi: "Baba, da an san wannan a 2010, da ba a sha wahalar kwashe ƙasa a Zamfara ba." Na ce ya zauna ya sha fura tukuna.

Ni tsohon malamin gona ne, a yankin Anka na ƙare aikina. Ina nan lokacin da yara suka riƙa mutuwa a Dareta da Abare da Yargalma, ana cewa mayu ne ko sanƙarau, har likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka gano gubar dalma ce. Kimanin yara 400 muka rasa. Dutsen zinariya mai ɗauke da dalma ake kawowa gida, a daka a turmi, a kai injin da ake niƙa gero, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Da aka zo gyara, fartanya da shebur aka sa. Sai a ɗora wata na'ura mai kama da ƙaramar bindiga a ƙasa, ta nuna yawan dalmar, a kankare saman ƙasar kamar kaurin yatsu uku, a ɗura a buhu, a kai rami a binne, a zubo sabuwa. Na ga wata tsohuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana roƙon a bar mata gurbin murhunta, aka ba ta haƙuri. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka gyara shi.

Abin da na gaya wa yaron shi ne, man fetur daban, ƙarfe daban. Idan ɗanyen mai ya malala, bakteriya na cinye shi, ya koma iska da ruwa. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa. Iyakar ƙoƙarin bakteriya ta sauya mata kama. Akwai wadda idan aka ba ta takin yuriya take haɗa wani abu kamar farar ƙasa ta kulle ƙarfen a ciki. Akwai ta cikin taɓo, wadda ba ta son iska, mai mayar da dalma irin dutsen nan da ake niƙa kwalli da shi. Akwai ma wadda aka tsinto a wata masana'antar ƙarfe a Beljiyam, mai rayuwa cikin gubar da za ta kashe sauran 'yan'uwanta. Duk gaskiya ne, amma dalmar tana nan inda take, tsiro da ruwa ne kawai ba sa ɗibarta kamar da.

To yaranmu ba ta saiwa suke ɗaukar gubar ba. Ƙasar kanta suke kaiwa baki. Cikin ɗan Adam kuma akwai ruwa mai tsami da ke narka irin wannan ɗaurin na farar ƙasa, ya saki dalmar ta shiga jini. Ga kuma rani. Bakteriya na son danshi, wa zai riƙa yi wa tsakar gida ban-ruwa a watan Afrilu, rijiya ta ja baya? Don haka kada wani ɗan kwangila ya zo da jarkar ruwan bakteriya ya fesa a ɗakin mai jego, ya ce an gama.

Ban ce a yi watsi da ita ba. Gida ana iya kankare shi, amma wa zai kankare fadama? Wa zai ɗura kududdufin da aka wanke dutse a buhu? Nan ne nake ganin amfaninta. Haka ma ruwan da ke fitowa daga kamfanonin jima na Challawa da Sharaɗa a Kano, wanda ke ɗauke da sinadarin kuromiyam, alhali masu lambu na ban-ruwa a ƙasan rafin. An san akwai bakteriyar da ke mayar da nau'insa mai tsananin guba zuwa mai sauƙi, ya kwanta a ƙasa.

Roƙona ga malaman jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya shi ne su fito da abin daga kwalba. A yanki fili kaɗan a bakin tsohon ramin haƙa, a raba biyu, a zuba wa rabi bakteriyar, a shuka alayyafo da dawa a duka biyun, a auna ganye da tsaba damina uku a jere. A nemo bakteriyar daga ƙasar wurin, wadda ta saba da zafinmu. Sakamakon kuma a karanta shi a rediyo da Hausa. Mutanen Shikira a jihar Neja, da suka binne nasu yaran a 2015, su ma za su so su ji.

Wassalam.

Tsohon malamin gona,
Gusau, jihar Zamfara