Ya kwashe kuɗin gonarmu ya zuba a fili bakin teku ban sani ba

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a sakaya sunana. Wallahi tun shekaranjiya ban yi barcin kirki ba, in kin ga maganar ta zo a hargitse ki yi haƙuri da ni.

Maigidana ne Anti. Kuɗin da muka daɗe muna tarawa don mu sayi gona mu kafa gidanmu, ya ɗebi fiye da rabi ya je ya biya wani fili a nan tsibirin da muke zaune, ban ji ba ban gani ba, rasit kawai na tsinta a aljihun wandon aikinsa zan jiƙa wanki. Kuma kuɗin nan ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai gumina a ciki, ɗinki nake yi har bayana ya ƙage.

Bari in koma baya don ki gane. Aiki ne ya kawo mu nan, wani tsibiri ne a tekun Indiya, shi makanikin injin jiragen ruwa ne, kwantiragi yake yi. Tun kafin mu taho muka yi magana ta fahimta ni da shi cewa zaman nan na neman jari ne, mu tara mu koma can kan tudu nesa da teku mu sayi fili namu na kanmu, ɗan gida, rijiya, awaki, kaji, lambu a bayan gida, sola a kan rufi, mu ci abin da muka noma. Shi da bakinsa ya ce haka, ba ni na tilasta shi ba.

Mutane in sun ga hotunanmu sai su ce kai kuna hutawa, ga kwakwa ga farin yashi. Hmm. Ba su san iskar nan gishiri ce zalla ba. Keken ɗinkina in na kwana biyu ban shafa masa mai ba sai in tarar tsatsa ta fito a gindin allura ja-ja-ja, ta ɓata min yadin mutane. Kwaɗon ƙofa, ƙarfen taga, fanka, duk haka. Takalmin fita in kin ajiye shi a kabad sai ki ɗauko shi da fumfuna fari fat. Kusan komai a jirgin ruwa ake kawo shi, in teku ta yi fushi jirgi bai iso ba sai haƙuri. Ga lokacin guguwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, kunne na kan rediyo kullum, a cika robobi da ruwa a tanadi kyandir. Ni tun guguwar Freddy ta 2023, wadda ta fi wata guda tana yawo a teku kafin ta gama ɓarna a Madagaska da Mozambik da Malawi, raina ya fita daga zaman bakin ruwa. Duk wannan na haɗiye shi ne saboda na san akwai ranar tafiya.

Kuma ni ba zaune kawai nake ba Anti, ina da littafin da nake rubuta komai na gonar. Na koyi cewa in an yi ruwan sama milimita 1 a kan rufin da faɗinsa murabba'in mita 1 ne, lita 1 kenan za ki tara, to rufi mai murabba'in mita 100 a inda ake samun milimita 1,000 a shekara ai lita 100,000 ce, ko an cire abin da zai zube ya ƙafe ya ishe mu sha da ban ruwan lambu in akwai manyan tankuna. Na rubuta akuya wata 5 take ɗaukar ciki, ƙwai kwana 21 ya ƙyanƙyashe, har na gwada dashen ayaba da rogo a ɗan lungun gidan hayarmu don hannuna ya saba. Da daddare nake karanta masa yana gyaɗa kai yana cewa madalla uwargida. Ashe a lokacin ya riga ya gama magana da mutumin nan.

Yauwa, mutumin. Wani abokin aikinsa ne ɗan asalin nan, ni tun ranar da ya fara shigowa gidanmu jinina bai haɗu da nasa ba, mutum sai dariya ba dalili, ko ido ba ya haɗawa da kai. Shi ya hure masa kunne wai me zai kai ku tudu, a nan ruwan sama ba ya yankewa, otal-otal na sayen kayan lambu, ku dasa kwakwa ku huta. Kwakwar da doguwar sai ta shekara 6 ko fiye kafin ta fara 'ya'ya! Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, shi ya sa na fi jin haushin mutumin nan.

Jiya na matsa sai da ya kai ni na ga wurin. Anti da ma ban je ba. Fili ne a kwari, kana tsaye kana jin ƙarar igiyar ruwa, ƙasar duk ramukan ƙaguwa, ga layin robobi da busasshiyar ciyawar teku har cikin filin, alamar nan ruwa ke kawowa in ya cika. Akwai wata tsohuwar rijiya a gefe, na sa aka ɗebo na ɗanɗana, gishiri-gishiri. Na ce masa Baban yara ka san a tsibiri ruwan daɗi a saman na gishiri yake kwance a ƙarƙashin ƙasa, in aka sa famfo ana ja da yawa na gishirin ne zai taso, rijiyar ta mutu, lambun ya ƙone. Wai sai ya ce min karatun waya ya yi min yawa. A gaban mutumin fa ya faɗa, shi kuma yana ta murmushi.

Abin da ma ya fi tada min hankali na manta ban faɗa miki ba, takardar ba da sunan maigidana take ba. Wai baƙo ba ya mallakar ƙasa kai tsaye a nan, don haka da sunan abokin aka rubuta, su kuma suka yi wata 'yar takarda a tsakaninsu, ko lauya babu. Takardar zamanmu kuma a kan aikinsa take rataye, ran da kwantiragi ya ƙare ba a sabunta ba sai mu tattara. To filin wa zai bi?

Gaskiya da muka dawo gida na shiga waya na tura ragowar kuɗin asusuna, kuma ni ban ga laifina ba, wanda aka sara sau ɗaya ai dole ya kare kansa. Na kuma kira matar mutumin na faɗa mata abin da ke raina. Yanzu shi ne ke fushi wai na tozarta shi na nuna ban yarda da shi ba, ko abincina bai taɓa ba yau. Shi da ya ɓoye min abu wata da watanni fa.

Ba wai na ce shi mugu ba ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, kuma na san yana son ruwa, a cikinsa ya ƙware, in mun koma tudu injin jirgin wa zai gyara? Wani lokacin sai in ga kamar tun farko bai taɓa niyyar barin nan ba, ni kaɗai nake ta zane a littafi. Ga shi ina da shigar ciki, ban ma samu na faɗa masa ba wannan abu ya taso, kuma lissafina haihuwar a tsakiyar lokacin guguwa za ta faɗo.

Anti ya zan yi? In nemi lauya a ɓoye ko za a iya ƙwato kuɗin tun mutumin bai cinye ba, ko in sanar da manyanmu, alhali na san in magana ta fita ba zai taɓa yafe min ba? Kuɗin da na tura in mayar ko in riƙe? Ni wallahi ko kuɗin ma ba su ne ba yanzu, so nake ki faɗa min ta yaya zan sa ya gaya min gaskiya, zai bar tsibirin nan ko ba zai bari ba, don in ba zai bari ba gara in sani tun cikin nan bai tsufa ba. Dan Allah a karanta tawa a shirin wannan makon.