Tutar Ƙasa Ta Koɗe a Makarantunmu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Zazzagawa ba baƙin tuta ba ne. Har gobe ana ba yara labarin tutar da Shehu Ɗanfodiyo ya miƙa wa Malam Musa, Sarkin Zazzau na farko bayan jihadi. To, yaya aka yi tutar Najeriya, wadda Taiwo Akinkunmi ya zana a 1959, take reto a wasu makarantunmu a yage, koren ya koɗe?

Wasu na cewa ƙasar da ta hana ka wuta da ruwa ba ta cancanci gaisuwa ba. Ban yarda ba, gwamnati daban, ƙasa daban. Matasan da suka ɗaga tutar Rasha a zanga-zangar Agustan 2024 kuwa, a ganina yunwa ce ta ɗaga ta.

Don Allah hukumomin ilimi su sauya tutocin nan kafin 1 ga Oktoba.

Naka,
Wani malami daga Tudun Wada, Zariya